In Motar Ƙungiya Tana Shan Ruwa, Tana Ɗaukar Zafi

Ƙungiyoyinmu da dama yanzu suna da motar kansu. Galibi ƙaramar bas ce, tsohuwa, wadda ta riga ta yi shekara 15 ko 20 tana aiki a wata ƙasa kafin ta iso hannunmu. Ita ke kawo taki da damina, ita ke kai amfanin gona kasuwa, ita ce kuma a kan tasa da tsakad dare in mai naƙuda tana bukatar asibiti. Ba aljihun mutum ɗaya ya saye ta ba. Gudummawar shekaru ce ta mutane da yawa, har da gwauraye da suka ba da nasu mudu-mudu. Saboda haka in injinta ya mutu, asarar ta kowa ce.

A darasin nan za mu duba ciwo guda wanda ya kan kashe tsofaffin injuna, watau zafi da raguwar ruwa. Ba mu nufin kowane ɗan ƙungiya ya zama makaniki. Muna so dai shugaba da ma'aji da direba su san abin da za su duba da idonsu, su kuma san tambayar da za su yi in sun je gareji, gama wanda bai san ciwon motarsa ba, abin da aka gaya masa shi zai biya.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Direbanmu ya saba ɗaukar jarkar ruwa kowace safiya. Muna gani, ba wanda ya tambaya, mun ɗauka kula ce irin ta direban kirki. Ashe kullum sai ya ƙara wa lagireto kwalba ɗaya, daga baya ta zama biyu. Haka aka yi har wata uku. Ran da abin ya zo, mota tana ɗauke da kwandunan tumatir, ana tsakiyar hawan dutse, allura ta hau ja. Direba ya ce bari ya ƙarasa hawan tukuna, gama wurin ba shi da kyaun tsayawa, ga kuma 'yan kasuwa suna jira. Kafin ya kai kan tudu injin ya mutu da kansa. Tumatir ya kwana a hanya, aka sayar da shi kamar kyauta, mota kuma ta yi sati shida a gareji daidai lokacin da aka fi bukatarta. Da aka kwance aka duba, asalin abin duka wani ɗan tiyo ne da ya tsage a bayan inji, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ba. Ba mu ɗora wa direba laifin shi kaɗai ba. Mu ne muka yi wata uku muna ganin jarka ba mu ce uffan ba.

Aikin ruwa a cikin inji

Inji wuta ya ke ci. Fetur ko gas yana ƙonewa a cikinsa, amma ba dukan ƙarfin man ne ke juya taya ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin yana fita ta salansa, wani kashi ɗaya cikin uku kuma ruwa ne ke kwashe shi. Ruwan yana zagayawa cikin ramukan da aka yi a jikin inji, famfon ruwa yana tura shi ta babban tiyon sama zuwa lagireto. A nan ya kan bi ƙananan bututu masu yawa, iska ta buge shi ya huce, ya komo inji ta tiyon ƙasa. In mota tana gudu, iskar hanya ta isa. In tana tsaye, ko tana tafiyar hawainiya, sai fanka ta jawo iskar.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da mutane ke renawa. Na fari shi ne murfin lagireto. Ba murfi ba ne kawai irin na tulu. Yana da sifirin da roba a ciki domin ya matse ruwan. A bakin teku ruwa ya kan tafasa a digiri 100, a tudu mai tsawo kamar Jos kuwa ya kan tafasa tun wajen digiri 96. Amma ruwan da ke a matse ba ya tafasa da wuri. Ku duba bayan murfin, a motoci da yawa za ku ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Murfi mai wannan lamba, in yana da lafiya, ya kan hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. In robarsa ta tsage, ko sifirin ya saki, ruwa zai tafasa a hawan da motar ta saba hawa lafiya, ya yi ta fita ta ɗan tiyon da ke wuyan lagireto. Har wa yau murfin yana da wata ƙaramar ƙofa a tsakiyarsa. In ruwa ya yi zafi ya kumbura, rarar ta kan tafi cikin gorar roba da ke gefe. In inji ya huce, sai ya tsotso ta ta komo. Idan ɗan tiyon da ke tsakaninsu ya huje, iska zai tsotso maimakon ruwa. Sai ka ga gora cike, lagireto kuwa ya yi ƙasa. Shi ya sa duban gora kaɗai ba ya isa.

Na biyu ita ce tamostat. Ƙofa ce mai buɗe kanta. Da safe tana rufe domin inji ya yi ɗumi da sauri. In ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, a injuna da yawa 82 ne, a waɗansu 88, sai ta buɗe ruwa ya wuce lagireto. Za mu komo kanta a gaba.

Motocinmu ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin Toyota HiAce, waɗanda mu ke kira Hayis, injinsu yana ƙarƙashin kujerar gaba. Volkswagen Sharan da Ford Galaxy, waɗanda aka fara fitarwa a 1995, injinsu yana gaba, ba su da murfi a kan lagireto, murfin gorar robar shi ne mai matsewa, shi ne kuma mai haɗari. Kowace ƙungiya ta san irin tata.

Ina ruwan ke tafiya?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma ba ya raguwa banza. Inji mai lafiya ya kan yi watanni ba a ƙara masa ruwa ba. Kada kowa ya ce mana zafin rana ne ke shanye shi, gama a rufe ya ke. In ana ƙarawa kowane sati, akwai hanyar da ya ke bi. Hanyoyin kuwa uku ne: ko yana ɗiga waje, ko yana tafasa yana fita ta murfi, ko yana shiga cikin inji.

Mu fara da ta waje, don ita ce mai arha. Da sassafe, kafin a tasa mota, tana tsaye a wuri mai shimfiɗa, a cika lagireto har wuya, a sa alama da biro a jikin gora daidai inda ruwa ya tsaya. A yi tafiyar ranar. Da an dawo, tun inji yana da zafi, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar, daga gaba har tsakiya, a bar shi ya kwana. Inda ɗigo ya faɗi zai nuna inda za a ɗaga kai a duba. Ruwan esi ma ya kan ɗiga, amma shi garai ya ke, ba launi ba wari.

Amma kwali ba ya faɗin kome da kome. Huda da yawa ba ta buɗewa sai ruwa yana a matse, abin da ya fito kuma ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya bushe nan take. Saboda haka mu nemi sawu, ba jiƙa kaɗai ba. Sawun ya kan zama fari kamar gishiri, ko ja kamar tsatsa, ko launin ruwan da aka zuba. A bi kowane tiyo da tocila da hannu, musamman bakinsa inda aka ɗaure shi. A matsa shi. Tiyo mai lafiya yana da tauri kaɗan, ya kan komo daidai in an sake shi. Wanda ya yi laushi kamar ayabar da ta nuna ta wuce, ko ya kumbura, ko yana ƙara kamar busasshen ganye in an matsa, ya gama aiki. Kada a duba manyan biyu kawai. Ƙananan da ke bayan inji, inda ido ba ya kai, su ne suka ci mu.

Sa'an nan a duba lagireto, inda robar sama da ta ƙasa suka haɗu da ƙarfen tsakiya. A duba ƙarƙashin famfon ruwa. Yana da wani ɗan rami da masu ƙera shi suka bari da gangan, in sawun ruwa ya bi ta nan, famfon yana ban kwana. In kuma an kashe inji an girgiza fulin famfon ya yi motsi, shi ke nan. A jikin injin kansa akwai ƙananan marufai na ƙarfe masu kama da kwabo, tsatsa ta kan cinye su ta ciki. A taɓa shimfiɗar ƙafa ta gaba, in da damshi, gilashi kuma yana yin raɓa ta ciki, to hita ce ke yoyo.

Ga wani abu na musamman game da ƙananan bas. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera domin ƙasashen sanyi suna da hita ta biyu domin fasinjojin baya. Bututun ƙarfe biyu dogaye su ke kai mata ruwa, suna bi ta ƙarƙashin mota. A Turai a kan watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa ya riga ya ci bututun nan tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Mutum zai yi ta leƙen inji, ruwa kuwa yana zuba kusa da tayar baya. Mu ba mu bukatar hitar baya. Makaniki yana iya yanke ta daga gaba ya haɗa bakin biyu da tiyo mai kyau. Amma ta gaba a bar ta, za mu ga amfaninta.

In an duba duka ba a ga kome ba, waɗansu gareji suna da ɗan famfon hannu mai agogo, wanda a ke ɗaurawa a maimakon murfi a matse ruwa tun inji yana da sanyi. In allurarsa tana sauka, akwai huda, sau da yawa kuma a kan ga ɗigon da ido. Da shi a ke gwada murfin ma. Gwajin nan ya fi kwance inji a kan zato.

In ruwan yana shiga ciki

Tsakanin jikin inji da kansa, wanda makanikai ke kira tof, akwai gasket. Shi ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowa a hanyarsa. In inji ya yi zafi ƙwarai, kan ya kan lanƙwashe, musamman na alminiyam, sai gasket ya ƙone. Daga nan wuta ta sami hanya zuwa ruwa, ruwa kuma ya sami hanya zuwa wuta.

Ga yadda za mu gane. Da safe, inji yana da sanyi sarai, a buɗe murfi, a cika ruwa, a tasa mota, a tsaya gefe ana kallon wuyan lagireto. Kumfa ɗaya ko biyu ba kome ba ne. Amma in kumfa tana ta fitowa a jere ba fasawa, ko ruwa yana tsalle waje in an taka mai, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa. Wata hanya kuma, a rufe murfi, a tasa injin mai sanyi, a kama tiyon sama. In ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, tun ruwa bai yi ɗumi ba, alamar ke nan. A zaro sandar awon baƙin mai, a kuma duba cikin murfin mai. Man da ruwa ya shiga ya kan zama kamar shayi mai madara. A duba salansa, farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke ƙonewa. A motar fetur a kwance fulogi a jera su, wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da baƙi, silindarsa ce ke shan ruwa. Irin wannan mota ta kan yi rawa da safe kafin ta daidaita.

Mu yi hankali kada mu yanke hukunci da alama ɗaya. Da sanyin hunturu kowace mota ta kan yi ɗan farin tururi na 'yan mintoci. Motar da ba ta yin doguwar tafiya kuma ta kan tara ɗan farin abu a murfin mai ko da gasket ɗinta lafiya. Haka kuma gasket yana iya ƙonewa baƙin mai yana nan da tsabtarsa. Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da a ke sawa a kwalba bisa wuyan lagireto, in hayaƙi ya bi ta cikinsa ya kan juya rawaya ko kore. In garejin yana da shi, a roƙa a yi a gaban wakilin ƙungiya.

In ya tabbata gasket ne, a ajiye motar. Ruwan da ya taru a silinda da dare yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin da safe, gama ruwa ba ya matsuwa, man da ya gauraya da ruwa kuma ba ya kare kome. Wakilinmu ya tambayi makaniki ko an ɗora ƙarfen awo a kan tof an ga a miƙe ya ke. A injuna da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce kaurin takarda guda ba, in ta wuce sai an kai an goge shi da inji. Ya tambaya ko an duba tsagewa. Ya tambaya ko za a ɗaure kusoshin da sifana mai awo, bi da bi yadda littafin injin ya nuna, ba da ƙarfin damtse ba. A sake baƙin mai da filta. Babbar tambaya kuwa ita ce, me ya sa injin ya yi zafi tun farko? In ba a sami amsar wannan ba, sabon gasket zai bi tsohon kafin a gama biyan bashinsa.

In ruwa yana nan amma tana zafi

A nan direba shi ne babban mashaidi, gama lokacin da zafin ke zuwa shi ke nuna mai laifi.

In allura tana hawa a cunkoson kasuwa ko a shingen hanya, amma tana sauka da an kama gudu, a tuhumi fanka. In ta lantarki ce, a bar injin yana silo har ya yi zafi a ga ko za ta tashi. In ba ta tashi ba, a fara da fiyus da wayoyi kafin a sayi sabuwa. In irin wadda fanbel ke ja ce, mai ƙulli a tsakiya, a kashe injin yana da zafi, a cire makulli, a juya ta da hannu. Ya kamata ta yi nauyi. In ta yi ta juyawa sakaka, man da ke cikin ƙullin ya tsiyaye. A duba fanbel ma, ko ya saki ko ya tsattsage.

In kuwa lafiya ta ke cikin gari, sai a kan doguwar hanya ko a hawa da lodi, irin Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, to lagireto ne ba ya iya aikinsa duka. Mu manoma mun fi kowa wannan ciwo. Motarmu tana shiga masussuka, tana bin burtali, ƙaiƙayi da irin ciyawa da ƙurar hunturu suna cushe fuskar lagireto. A mota mai esi dattin ya kan ɓuya tsakanin lagireton esi da na inji, inda ba a gani sai an haska tocila daga baya. A wanke shi daga bayansa zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran ƙarafan su kwanta. Ta ciki kuma tsatsa da laka su kan toshe bututun. Bayan an kashe inji mai ɗumi an cire makulli, a shafa hannu a fuskar lagireto da hankali. In wani yanki yana da sanyi a tsakiyar mai zafi, ruwa ba ya bi ta nan. Wani lokaci kuma fikafikan famfon ruwa ne tsatsa ta cinye, ko na roba ne suka saki, famfo yana juyawa ba ya tura kome.

Mu ma muna da namu laifin. Buhu 20 a motar da aka yi domin mutum 14, da tsakar rana a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya kan wuce digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Yola, a kuma hau dutse da babbar giya, ko sabon lagireto zai ji jiki. A sauko giya tun kafin inji ya fara nishi. Birkin da ke kamawa shi ma lodi ne, a kusantar da hannu ga kowace taya bayan tafiya a ji ko ɗaya ta fi sauran zafi.

In zafin ya zo da wuri, cikin 'yan mintoci da tashi, inji yana zafi lagireto kuwa da sanyi, tamostat ce ta maƙale a rufe. Gwajinta ba wuya. A cire ta, a rataye ta da zare cikin tukunyar ruwa a kan murhu. Ya kamata ta buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa, ta kuma rufe in ya huce.

A nan za mu saɓa da makanikai da yawa. An saba a ƙasarmu, da mota ta iso sai a cire tamostat a yar, wai kayan ƙasar sanyi ce, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Mun san masu yin haka suna tsoron ranar da za ta maƙale ne, tsoron kuwa ba na banza ba ne. Amma injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa. A injuna da yawa kuma tamostat tana da aiki na biyu, in ta buɗe hanyar lagireto sai ta rufe wata gajeriyar hanya da ke mai da ruwa cikin inji. In an cire ta, wani ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar bai taɓa lagireto ba, motar ta yi zafi a hawa duk da haka. Wadda ta lalace a sa sabuwa mai lamba ɗaya da ita.

In abin ya faru a hanya

Da allura ta wuce inda ta saba, a kashe esi, a buɗe hita har ƙarshe da fankarta, a sauke gilashi. Hita ƙaramin lagireto ce, ta kan rage zafi. Ta kan kuma ba da labari: in inji yana zafi amma hita tana hura sanyi, ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. A nemi wurin tsayawa nan da nan, a sa dutse a bayan taya in a gangare ne. In ba tururi, ba yoyo, fanbel yana nan, a bar injin yana silo minti biyu ko uku a ga ko allura za ta sauka. In ba ta sauka ba, ko akwai tururi, a kashe. Allurar da ta hau ja sa'an nan ta faɗi da kanta farat ɗaya ba albishir ba ce. Sau da yawa ruwan ne ya ƙare, har abin awon ba ya taɓa kome.

Kada a buɗe murfi. Mun maimaita, kada a buɗe murfi. Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshe zafi, matsi ne kaɗai ke riƙe da shi, da an saki zai yi tsalle a fuska. A jira aƙalla minti 30, har tiyon sama ya yi laushi, hannu kuma ya iya riƙe shi. Sa'an nan a rufa tsumma mai kauri, a juya kaɗan, a jira hucin ya ƙare. A motar da injinta ke ƙarƙashin kujera, kowa ya sauka tukuna, musamman yara. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko cikinsa, ƙarfen yana iya tsagewa. In ya huce, a tasa shi yana silo, a zuba ruwa kaɗan-kaɗan. In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa ɗanyen ƙwai ko baƙin mai ko man goge haƙori, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti.

Waɗansu su kan zuba garin rogo ko garin taba ko ƙwai a lagireto don su toshe huda. Ya kan tsai da ɗigo na ɗan lokaci, ba mu musa ba. Amma garin bai san bambancin huda da bututu ba, duka ya ke toshewa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Gara a riƙa ajiye ɗan tiyo da abin ɗaure shi da tsohon fanbel mai sauran rai a cikin mota.

Wane ruwa za mu zuba?

Ku leƙa cikin butar da a ke dafa ruwan rijiya kullum. Farin abin da ya kama gindinta, shi ne ke kama bututun lagireto. Ruwan rafi kuma ga laka. A hanya, in ba yadda za a yi, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma in an komo gida a zubar a wanke. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta bayan ruwan fari ya wanke kwano, aka tace shi, ya fi na rijiya. Tataccen ruwan da a ke sayarwa domin ƙara wa batir ya fi duka, sai dai a tabbata ba mai asid ba ne aka ba mu.

Ruwan lagireto mai launi da a ke sayarwa a galan, a ƙasar sanyi yana hana daskarewa. A wurinmu babban amfaninsa shi ne hana tsatsa. In an gauraya shi rabi da rabi da ruwa ya kan kuma ɗaga tafasa zuwa wajen digiri 107 tun ba matsi. A karanta jikin galan, wani an riga an gauraya shi, wani sai an ƙara ruwa. Ba kowane ruwa mai launi ne na gaske ba, a saya a rufe daga wurin wanda aka sani. Irin na dā a kan sake shi bayan shekara biyu. Yana da zaƙi a baki, dafi ne kuwa mai kashe ƙoda. Kada a juye shi cikin kwalbar lemo, kada a zubar da tsohonsa inda yara ko karnuka ko awaki za su lasa, ko kusa da rijiya.

Duk ran da aka zubar aka sake cikawa, iska ta kan maƙale a ciki, ita ma tana sa zafi. A tsai da motar hancinta yana kallon tudu, a buɗe hita, a bar injin yana silo ba murfi har tiyon sama ya yi zafi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sa'an nan a rufe. Kashegari da safe a sake dubawa.

Bayan abin da ya same mu, mun sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana zaune a aljihun mota. Kowace safiya direba ya kan rubuta kwanan wata, da ko ya ƙara ruwa, da kwalba nawa. Ma'aji ya kan duba shi a taron wata kamar yadda ya ke duba littafin kuɗi. Mun kuma rubuta a dokokin ƙungiya cewa direban da ya tsaya saboda allura ta hau, ko kaya sun makara, ba za a cire masa ko kwabo ba. Tsohon direbanmu ya gaya mana gaskiya, ran nan tsoron faɗanmu ya fi tsoron allura a zuciyarsa.

Kafin taro na gaba, mutum uku daga kowace ƙungiya su sami direbansu da sassafe tun bai tasa mota ba. Su buɗe murfi su ga inda ruwa ya tsaya da launinsa, su juya murfin su duba robarsa, su rubuta lambar da ke bayansa, su zaro sandar mai, su kuma tambayi makanikinsu ko tamostat tana ciki ko an cire. Su zo da kwalin da ya kwana a ƙarƙashin motar mu duba tare.